Sunan Baffa a Layin Ango

Matar da ke bayan gilashi ta ɗaga takardar auren, ta dubi fasfon Muhsin, ta sake duban takardar. Sannan ta sassauta murya ta tambayi Hafiza da Larabci, irin tambayar da ake yi wa wanda ba a so a kunyata a bainar jama'a.

"Ina Sunusi?"

Ina tsaye a bayansu riƙe da hannun jikata Rahma. Larabcina bai wuce na Islamiyya ba, amma wannan kam na ji shi sarai.

Hafiza 'yata ce ta uku, likitar yara, shekara ɗaya da rabi ke nan tana aiki a Doha. Muhsin mijinta ne, mai harhaɗa magunguna. Ya ajiye aikinsa a Funtuwa ya taho da bizar ziyara, ni da yarinyar muka biyo shi daga baya, don Hafiza ta nema wa mijinta da 'yarta iƙama, wato izinin zama na iyali, su daina zaman aure ta waya. An riga an sabunta masa bizar har iyakar da ake sabuntawa. Ranar da muka tsaya gaban tagar nan, saura masa kwana goma sha biyu.

"Wane Sunusi?" in ji Hafiza.

"Mijinki."

Matar ta juyo da takardar ta ɗora farce a kan layi na biyu. Muka sunkuya mu uku kamar kaji a kan tsaba. Ga shi nan da baƙin biro, rubutu manya manya: Alhaji Sunusi Dogara, shekara sittin da biyar, dillalin auduga. A layin ango.

"Baffa ne," in ji Muhsin da Hausa, yana duban matar kamar ita ma 'yar Funtuwa ce.

Ta tattara mana takardunmu cikin ladabi, ta ce ba za ta iya shigar da sunan wani a matsayin miji ba alhali takarda ta ce wani ne. Ta ƙara da cewa sunan uba a takardar haihuwar yarinyar ma bai yi daidai da na takardar aure ba, kuma gara mu gyara kafin wani ya yi wa abin wata fassara. Ta danna lamba ta gaba.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure a garinmu. Amarya tana cikin ɗaki an lulluɓe ta. Uwarta tana tsakar gida tana faɗa da masu girki. Ango kuwa yana can gindin wata dalbejiya a ƙarshen layi, abokai sun kewaye shi, wai kunya. Waɗanda ke zaune gaban liman su ne waliyyin amarya da wakilin ango. Wannan ya ce ya bayar, wancan ya ce ya karɓa, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Mutum biyun da za su kwana su tashi da auren nan har ƙarshen ransu, su kaɗai ne ba a buƙata a wurin.

To a ranar, bayan an shafa, sai magatakardan masallaci ya fito da fam ya ce wanda ya karɓi aure ya cike nan. Baffa Sunusi, yayan mahaifin Muhsin, shi ya karɓa. Ya zaro bironsa ya cike. Sunan Hafiza ya fita daidai don kawai babu namijin da zai yarda ya rubuta sunansa a layin mace.

Takardar ta shekara shida a ƙasan akwati, an manne ta da roba don kada ta jiƙe. Da aka tashi wannan tafiya, aka aika da ita Abuja ta sha hatimi uku, ɗaya ja, biyu shuɗi. A nan Doha wani mai fassara a unguwar Muntaza ya mayar da ita Larabci kalma da kalma, tsakaninsa da Allah. Hannu nawa ta bi, ban sani ba. Wadda ta fara karanta ta da niyyar fahimta ita ce matar bayan gilashi.

A mota Hafiza ce ke tuƙi, kuma tana tuƙin kamar titin ne ya yi mata laifi.

"Shekara shida, Baban Rahma. Ba ka taɓa buɗe ta ba?"

"A akwatinki take fa."

"A akwatina take, amma kai aka miƙa wa!"

"An miƙo min ita a cikin ambulan tare da hulunan da aka ba ni. Wa yake karanta takardar aurensa? Ai na san wa na aura."

"To ni ga shi ban san wa na aura ba."

"Ku yi mana shiru," na ce. "Likita da mai magani, kuna karanta rubutun da ko aljani ba ya iya karantawa, amma layi huɗu sun gagare ku."

"Mama, ke ma ai kin riƙe ta a jirgi."

Gaskiya ne. Ni na zo da ita a jakata, tsakanin kuka da daddawa. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da 'ya'yan mutane cewa kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba. Na juya na kalli shagunan unguwar da ake kira Matar Ƙadim ta taga har muka isa gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko, muka tafi unguwar Garrafa gidan Injiniya Abdulbaƙi. Shi ne babba a cikin 'yan arewa da ke nan, ya shekara ashirin a kamfanin gas, kuma duk wanda takarda ta rikice masa can yake kai kuka. Maza suka zauna a babban falo da tuwon shinkafa, mu mata muna ɗaya falon. Ƙofar tsakani a buɗe take, ni kuma na ja kujerata kusa da ita.

Da Muhsin ya gama bayani, sai da suka yi dariya har wani ya ƙware. Sannan Injiniya ya goge hannu ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Ku je kotu a nan, a sake ɗaura muku sabo, a ba ku takarda mai kyau. Khalas, an gama. Kowa haka yake yi."

Duk inda na ji an ce kowa haka yake yi, nakan nemi a nuna min mutum ɗaya daga cikin kowan nan.

"Injiniya," na ce daga bakin ƙofa, "a gafarce ni. Sabuwar takardar, wace rana za a rubuta a kanta?"

"Barka da rana, Hajiya. Ranar da aka ɗaura mana."

"Wato wannan makon. Yarinyar da ke wasa da takalmanku a waje shekararta huɗu da wata bakwai. In an ajiye takardar haihuwarta kusa da wannan, me za a kira ta?"

Wani ya ce subhanallahi a hankali.

"Ai kowa ya san 'yar halak ce," in ji Injiniya.

"Kowa na Funtuwa. A makarantar da za a sa ta a nan, da asibiti, da ranar da za ta yi nata auren, takarda za a tambaya. Ba za a kira ka ba."

Sai Dakta Mas'udu, wani malamin jami'a mai son a ji ta bakinsa, ya gyara zama. Ya ce shi yana ganin a bi abin ta inda ya fito. Tun da takarda ta ce Alhaji Sunusi ne miji, to Alhaji Sunusi ya rubuto takardar saki, a buga mata hatimi, sannan a ɗaura da Muhsin. Layi ya miƙe ke nan.

"Sai ta yi idda wata uku, ko?" na ce. "Shi kuma saura masa kwana tara. Yarinyar kuma ta tashi daga marar uba ta koma 'yar dillalin auduga. Dakta, me kake koyarwa a jami'ar?"

"Lissafi, Hajiya."

"Allah ya taimaki yaran."

Hafiza ta jawo gefen mayafina. Na zauna.

Hanya ɗaya ce mai tsabta, kuma wani direba mai suna Muhammad Awwal shi ya faɗe ta. Ya ce wani ɗan garinsu ya taɓa samun matsala mai kama da wannan. A je gaban alƙali a gida, wakili da waliyyi da shaidu biyu su faɗi abin da ya faru, alƙali ya rubuta tabbacin cewa auren Muhsin da Hafiza ne tun ranar farko, da kwanan watansa na asali. Manyan suka gyaɗa kai kamar dama abin da suke shirin faɗa ke nan.

Nan take Muhsin ya kira Baffa, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka yi gaisuwa ta kai minti biyar, aka tambayi damina, aka tambayi ƙafar da ke masa ciwo. Sannan Muhsin ya shiga kewaye-kewaye, yana cewa wai akwai ɗan abin da aka gani a takarda, wataƙila magatakarda ne bai yi bayani ba.

"Wane kuskure?" in ji Baffa. Muryarsa ta cika falon. "An ce wanda ya karɓi aure ya rubuta sunansa. Wa ya karɓa? Kai ka karɓa? Kana ina lokacin?"

"Ina waje, Baffa."

"To. Ni na zauna, ni na miƙa sadaki, ni na ce na karɓa. Abin da na yi shi na rubuta. Ka je ka yi wa Larabawan bayani, ai Musulmi ne, sun san wakilci."

"Sun sani, Baffa, amma sun ce sai an je gaban alƙali..."

"Alƙali! Muhsinu, shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa taka ƙofar kotu ba, ko shaida ban taɓa bayarwa ba. Sai yanzu da furfurata a gan ni zaune a benci da ɓarayin awaki? Don na yi maka alheri? In takardar ce ta dame ku, ni na saki, saki uku ma in kuna so, ku huta."

Muhsin ya miƙe tsaye. "Baffa, kada ka faɗi haka! Matata ce!"

"To ka ga ni ma abin da nake faɗa ke nan."

Ya kashe wayarsa. Nan falon ya kaure da gardama a kan ko sakin wakili yana hawa kan matar wanda ya wakilta. Dakta Mas'udu yana jawo littattafai daga wayarsa, Injiniya yana cewa a kira wani malami a Zariya. Na leƙa na ga 'yata ta shiga kicin ɗin mutane ta tsaya gaban famfo, ba ta wanke komai.

Kwana uku aka yi ana aike. Mahaifin Muhsin ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban yayansa ya ce masa ya yi kuskure ba. Ƙanin marigayi mijina, wanda ya yi wa Hafiza walicci, ya ce shi a shirye yake, amma ba zai riga Alhaji Sunusi zuwa ba, kada a ce ya kai suruki ƙara. Kowa yana ba da haƙuri, kowa yana cewa a bi a sannu, babba ne. Muhsin ya fito da akwatinsa daga ƙarƙashin gado ya ajiye a bakin ƙofa. Rahma ta hau kai ta zauna, ta ce ba inda za shi.

Ranar Talata da hantsi, Hafiza tana shirin fita aiki, na ce ta ba ni lambar Baffa.

"Mama, surukinki ne fa. Ba ku taɓa magana ba sai gaisuwa."

"Yau za mu taɓa."

"Me mutane za su ce?"

"Za su ce Zalihatu ba ta da kunya. Sun faɗa a da, ban rame ba. Kawo."

Ya ɗauka a bugu na biyu. Na gaishe shi yadda ya kamata, ban rage komai ba. Ya amsa a ɗarare, don ya san ba damina ta sa na kira ba.

"Alhaji, na kira ne in yi maka godiya. Na ga takarda. Ashe kai ne surukin nawa na gaske, shekara shida ban sani ba, ina ta wahalar da yaro da gaisuwa."

"Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da ka rubuta da hannunka. Ga hatimin hukuma uku a kai. Ni ban ƙi ba, gidan mutunci ne. Sai dai ina so mu yi maganar gaba, tun da rai ba a hannunmu yake ba. Ranar da ta Allah ta kasance, Allah ya sa da nisa, 'yata tana da rabo a tumunin takaba. Rahma kuma za ta zauna a layin magada tare da 'ya'yanka. Gonar nan ta hanyar Bakori, na ji ana yabon ƙasarta."

"A'uzubillahi! Duk garin nan an san ba matata ba ce!"

"An sani yau. Liman ɗin da ya ɗaura ya rasu. Shaidun, ɗaya ya koma Legas, ɗaya ba ya gane 'ya'yansa. Kai da ƙanin mijina kuka rage, sai takarda, ita kuma ba ta tsufa, an manne ta da roba. Ka san 'ya'yanka maza bakwai sun fi ni sanin abin da takarda take yi a rabon gado."

Ina jin kukan tattabaru a bayansa.

"Ke yanzu sai ki yi haka?"

"Ni malamar makaranta ce mai ritaya, Alhaji, ba ni da abin yi sai lokaci. Amma ba haka nake so ba. So nake yaron da ka riƙa tun yana rarrafe ya kwana gida ɗaya da matarsa da 'yarsa. Awa ɗaya ce a gaban alƙali. Ba ƙararka aka kai ba. Ka sa babbar rigarka ka je a matsayin wanda ya zo gyara, alƙalin ma sai ya tashi ya ba ka hannu."

"Ban yi kuskure ba."

"Ban ce ka yi ba. Fam ɗin ne bai san al'adarmu ba. Ka je ka faɗa masa haka."

Ya ce zai yi shawara. Ya kashe ba sallama. Bayan la'asar mahaifin Muhsin ya kira yana mamaki, wai Yaya ya aiko a wanke masa farar shaddarsa, za shi kotu ranar Alhamis.

Na ɗauka an gama. Ranar Alhamis suka je su huɗu, da Baffa, da waliyyi, da wasu dattawa biyu da suka halarci ɗaurin. Alƙali ya saurare su, ya karanta takardar, aka ce har ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya tambaya ina mijin. Aka ce yana Ƙatar, amma ga wakilinsa. Alƙali ya ce wakilci ne ya kawo su nan, ba zai gyara shi da wani wakilcin ba. Matar ta yi magana ta waya a gaban waliyyinta, ya yarda. Mijin kuwa sai ya gan shi da idonsa.

Muhsin ya tashi ranar Asabar, saura kwana ɗaya bizarsa ta ƙare. A filin jirgi Rahma ta riƙe ƙafar wandonsa sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Hafiza ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida ta wanke banɗaki sau biyu.

Mako bakwai ya yi. Kotu ta ɗage zama sau ɗaya don alƙali ya tafi ta'aziyya. Daga nan Abuja, ofis zuwa ofis, yana kwana a ɗakin wani abokinsa a Kubwa. Ni kuma a nan aka sabunta mana tamu bizar ni da Rahma, aka ja min jini, aka ɗauki hoton ƙirjina, kamar ni ce zan auri wani. Kullum da safe yarinyar sai ta tambaye ni yau ne, in ce ba yau ba. Na koya mata baƙaƙe har zuwa ƙarshe don in samu ta daina tambaya, ba ta daina ba.

Da ya dawo da sabuwar biza, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka koma ofishin nan. Wata matar ce daban a bayan gilashin, ba ta san komai game da mu ba. Ta duba takardar alƙali da fassararta, ta duba fasfo, ta duba Rahma da ke leƙenta ta ƙasan kanta. Ta buga abin da za ta buga, ta ce za a aiko da saƙo ta waya. Duka bai kai minti huɗu ba. Na tsaya ina jiran ta ƙara tambayar wani abu, sai da Hafiza ta ja ni.

Katunan sun fito bayan kwana goma sha ɗaya, nasa da na yarinyar. Injiniya Abdulbaƙi ya kira ya taya murna, ya ce dama ya san hanyar alƙali ita ce daidai. Baffa Sunusi ya daina amsa gaisuwata. In na aika, sai a dawo min da cewa Alhaji ya ji.

A ranar Hafiza ta yi musanyar aiki da wata abokiyarta ta dawo da wuri. Suka shirya su uku za su bakin teku, Rahma a kafaɗar ubanta tana ja masa kunne. Sai da suka kai ƙofa Hafiza ta waiwayo.

"Mama, za ki zo?"

"Da wace ƙafar? Ku tafi."

"To ga wake nan na jiƙa, in kin samu dama..."

Suka sauka matakala suna dariya, na ji muryar yarinyar har ƙasa tana cewa yalla, yalla, wato mu je da Larabci. Na rufe ƙofa, na ɗaura zane, na shiga kicin. Waken ma ba ta tsince shi ba.